Gadon Monty Python a Gidan Kwaɗo Kermit

Jama'a, duk lokacin da na sake kallon The Muppet Show, wasan 'yan tsana da Jim Henson ya fara a 1976, sai in ji ƙamshin wata tukunya da aka girka kafinsa. Tukunyar kuwa ita ce Monty Python, ƙungiyar mutum shida masu barkwanci da BBC ta nuna shirinsu daga 1969 zuwa 1974.

Kafin zuwansu, an saba ɗan gajeren wasan barkwanci ya ƙare da magana guda mai sa dariya. Su kuwa sai suka yi watsi da wannan ƙa'ida. Ana tsakiyar wasa, Graham Chapman zai shigo da kakin kanar, ya ce shirmen ya yi yawa, a tsaya. Wani lokaci zanen ƙatuwar ƙafa ce za ta sauko ta murƙushe komai. Shirin kansa ya zama abin yi wa dariya.

Henson Ba'amurke ne, amma da gidajen talabijin na ƙasarsa suka juya masa baya, Lew Grade ne ya karɓe shi, aka ɗauki shirin a Elstree, kusa da Landan. A ganina, can 'yan tsanansa suka sha ruwan gari. Kwaɗo Kermit yana fama ya shirya wasa, wasan yana wargajewa a hannunsa. Tsofaffi biyu, Statler da Waldorf, suna zaune a sama suna kushe kome. Gaggafa Sam, mai ƙorafin an zubar da mutunci, ɗan'uwan kanar ɗin nan ne sak. John Cleese na Monty Python ma ya baƙunci shirin a 1977, ya fito a matsayin baƙon da ba ya son zuwa.

Abin da ya fi riƙe ni a nan shi ne wanda ake yi wa dariya. Mai ɗaure fuska ne, mai ganin shi ke da ikon faɗin abin da ya dace. Mu da muka tashi muna kallon 'yan kama suna kwaikwayon masu girman kai mun san wannan daɗin. Don haka idan yaranku sun zauna kallon 'yan tsanan nan, ku zauna tare da su. Akwai rabon manya a ciki, kuma zai fi kyau yaro ya koyi bambanta girma da girman kai yana kusa da ku.