Baƙar ɗamara da sharaɗin karawa

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar wannan shekarar, Mafaza ta karɓi baƙi masu yawa, kuma kowane baƙo da guzurinsa. Cikin abin da ya iso mana har da karate da tekwando, wasannin da a da 'ya'yanmu ba sa gani sai a fim. Wasu samari daga cikin masu hijira suna tara yara a fili bayan la'asar suna koya musu, iyaye kuma sun yi na'am, domin ya fi yawon banza a bakin kogin Rahad. Inda aka rabu shi ne batun jarrabawa. Masu koyarwa sun ce ba a hawa daraja, balle a kai ga baƙar ɗamara, sai an sa ɗalibi ya kara da wani a gaban alƙalai. Wasu iyaye suka kawo ƙorafi zauren dattijonmu, suna neman a cire wannan sharaɗi, a bar yara su nuna motsin da suka haddace kawai. Mu da muke riƙe da alƙalamin zauren muna ganin a bar karawar, amma a yi mata shinge.

Ya kamata mai karatu ya san asalin ɗamarar. Wani malami ɗan Japan mai suna Jigoro Kano, wanda sunansa ya yi kama da na birnin kakanninmu ba tare da sun haɗa komai ba, shi ya kafa makarantar judo ta Kodokan a Tokyo a 1882. A shekarar da ta biyo ya ba ɗalibansa biyu daraja ta farko, daga baya baƙar ɗamara ta zama alamarta. Gichin Funakoshi ya ɗauko tsarin zuwa karate a 1924, ko da yake shi kansa ya fi ba motsin da aka tsara muhimmanci a kan karawa ta sakin jiki. Ashe saɓanin da ke zaurenmu tsoho ne. Masutatsu Oyama, mai salon Kyokushin, ya tsananta: a rassa da yawa na salonsa mai neman baƙar ɗamara yakan kara da mutum goma a jere. A tekwando kuwa, cibiyar Kukkiwon da ke Seoul ta sa karawa cikin jarrabawarta, kuma a wannan wasa ne Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Nijar ya ci azurfa a gasar Olamfik ta Rio a 2016.

Amma ba sai mun je Japan neman hujja ba. Mu da muka tashi a gaban allo mun san yadda ake zama gwani. Ba a kiran mutum da wannan suna don ya rufe ɗaki ya ce ya haddace. Sai ya zauna a gaban alarammomi, a ja masa baƙi daga tsakiyar sura, a jefa masa ayoyi masu kama da juna, a ga ko zai karkata. Almajirin da ke zuba tilawa kamar ruwa shi kaɗai yakan sarƙe da zarar wani ya katse shi. Ilimin yana nan, amma ba a gwada shi da abin da bai shirya masa ba. Haka motsin da yaro ya haddace yake, iska yake duka, ita kuwa iska ba ta ramawa.

A dambe ma haka abin yake. Ɗan dambe yana naɗe hannu ɗaya da kara, ya kare kansa da ɗayan, a yi turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Babu takarda, babu ɗamara, dandali ne ke ba da suna. Ɗan Anace bai waƙe Shago don kyan tsayuwarsa ba. A Nijar kuma tun 1975 ake kokawar neman takobi, ba a miƙa shi sai ga wanda ya kayar da maza a gaban jama'a.

Hujjar iyaye ta addini ba abar rainawa ba ce. Hadisin da ya hana dukan fuska yana cikin Bukhari da Muslim, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta haramta damben zamani a 1987 saboda cutarwar da ke cikinsa. Wannan ya shafi damben namu ma, ko da muna ƙaunarsa. Sai dai malamai ba su hana kokawar da babu cutarwa a cikinta ba. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana. Littattafan sira kuma sun kawo cewa kafin Uhudu an mayar da Samura ɗan Jundubi saboda ƙuruciya, aka karɓi Rafi'u ɗan Khadiji don iya harbinsa, sai da Samura ya kayar da Rafi'u a kokawa sannan aka karɓe shi. Ba a wadatu da bakinsa ba, an gwada shi da mutum.

Akwai abin da ya fi damunmu, shi ne zamanin da muke ciki. Iyaye suna tsoron karawa za ta koya wa yara son faɗa. Mu kishiyar haka muke tsoro. Saurayin da aka ɗaura wa baƙar ɗamara bai taɓa shan naushi a haƙarƙari ba, bai taɓa jin numfashinsa ya ɗauke cikin minti biyu ba, zai fita yana ganin faɗa abu ne mai sauƙi, a ƙasar da makami ya yi arha kuma masu neman samari suka yi yawa. Ba shi ɗamarar nan kamar shaidar zur ce, kuma shi zai fara cutuwa da ita. Wanda ya sha kaye a gaban tsararrakinsa, ya tashi ya ba abokin karawarsa hannu, ya san iyakarsa.

Shingen da muke nema a bayyane yake. Babu dukan fuska ko kai, da hannu ne ko da ƙafa, ko da dokar wasan ta halatta. A haɗa yara gwargwadon shekaru da nauyi, a sa kariyar ƙirji da ta haƙora, mata su yi nasu daban ƙarƙashin mace. Sannan abin da ya shafe mu a keɓe: mu Hausawa tsiraru ne a nan, kuma ba mu manta da rikicin jihar Nilu Shuɗi na 2022 ba. Idan ɗanmu ya fasa wa ɗan maƙwabta hanci, ko aka fasa nasa, kafin magariba labarin zai iya zama na ƙabila. Don haka kada a yi jarrabawa sai uban kowane yaro ya sa hannu a takarda, kuma dattawan ɓangarorin biyu suna zaune a bakin fili. Dattijo ya ce mu rubuta sharuɗɗan da Larabci da Hausa, za a karanta wa iyaye bayan sallar Juma'a kafin a kai wa masu koyarwa.