Awa Ɗaya a Mako, Wai Mun Samu Aiki

Akwai wani lissafi na gwamnati da ya kamata mu mutanen Sabo mu tsaya mu duba shi, domin da mu ake yin sa ko da ba a tambaye mu ba.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen shekarar 2020 kashi 33.3 cikin 100 na masu neman abin yi a Najeriya ba su da aiki. Mutum ɗaya cikin uku ke nan. Ba wanda ya yi musu, don kowa yana gani a ƙofar gidansa. Sai ga shi a watan Agusta na 2023 hukumar ta fito da sabon lissafi, ta ce a farkon wannan shekarar rashin aiki ya tsaya a kashi 4.1. To, ba masaƙun Kaduna aka farfaɗo da su ba, ba kuma sababbin masana'antu aka buɗe ba. Mudu aka sauya. A da sai ka yi aikin awa 20 a mako kafin a cire sunanka daga marasa aiki. Yanzu in ka yi awa ɗaya tak cikin kwana bakwai, in dai don kuɗi ko riba ka yi ta, kai mai aiki ne.

Mu yi wa hukumar adalci, ba ta ɓoye ba. Ta faɗa cewa ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta koma bi, kuma a rahotanninta ta nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ta kira masu aiki, buga-buga suke yi, ba albashi ba fansho. Amma mu 'yan kasuwa mun san abu ɗaya. In ka sayar da gero da babban mudu bara, bana ka koma ƙarami, ba ka da bakin cewa gero ya yi araha. Lambar 33 da lambar 4 ba a jera su a faifai ɗaya, kuma duk wanda ya jera su don a tafa masa, ya san abin da yake yi.

Ai shi ma'aunin nan ya fi dacewa da ƙasashe irin su Ingila, inda wanda ya rasa aiki zai je ya rubuta sunansa a riƙa ba shi abin sawa a baki har ya samu wani. A can mutum yana iya zama. A nan wa zai zauna? Yaron da ya sauko daga tirela, ya baro ƙauyensu a Zamfara saboda 'yan bindiga sun hana noma, in ya yi dakon kwandon tumatir sau biyu a Bodija ranar Talata, shi ke nan ya shiga littafin masu aiki. Mu ne muke tsallake shi da asuba a barandar masallaci, ya yi matashin kai da takalminsa. Haka mai yankan farce, haka ɗan ga-ruwa, haka dattijon da ke zaune da tiren goro tun safe bai yi cinikin da zai sayi koko da ƙosai ba. Duk an ce suna da aiki. Kuma wanda takarda ta ce yana da aiki, wa zai tuna da shi ranar rabo?

Rabon ma mu duba shi. Bayan an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, gwamnati ta yi alƙawarin naira 25,000 duk wata, har wata uku, ga gidaje miliyan 15. Akwai rancen dala miliyan 800 na Bankin Duniya a bayan shirin. Rance fa, ba kyauta ba, yaranmu da ke zuwa Islamiyya yanzu su ma za su biya. A watan Janairu na 2024 aka dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, a kan takardar da ta nemi a zuba naira miliyan 585 a asusun mutum ɗaya, EFCC ta shiga bincike. Ba mu yanke wa kowa hukunci ba, wannan aikin kotu ne. Abin da muka lura da shi shi ne, da rigimar ta tashi sai aka tsayar da shirye-shiryen tallafin gaba ɗaya na wani lokaci. Manya sun yi ɓarin, talaka aka hana tuwo. Ba mu kuma manta da Oktoba na 2020 ba, lokacin da mutane suka fasa rumbuna a Legas da Jos da Ilori suka tarar da abincin tallafin korona jibge, alhali an sha kulle da yunwa.

Namu ciwon ya ɗara na kowa da abu ɗaya. A gida ba a rubuta mu don ba ma nan. A nan kuma, in an zo tattara sunaye, sau da yawa ta hannun 'yan siyasar unguwa da ƙungiyoyin 'yan gari ake bi, sai labari ya iso mana bayan an rufe. Wani lokaci a ce kawo takardar shaidar asali. Wanda aka haifi kakansa a nan, ina zai nufa? Sabo tun 1916 take. Akwai 'ya'yanmu da Yarbanci ya fi zama a bakinsu, ba su taɓa kwana a Kano ba. Tikitin kasuwa kullum muna yanka, kuɗin rumfa muna biya, ranar zaɓe kuwa ba a taɓa ɓata hanyar unguwarmu ba. Sannan ga sharaɗin lambar NIN da asusun banki. Ba mu ƙi ba, yana rage sunayen bogi. Amma gwauruwar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu a ɗaki ɗaya, ba ta da waya ba ta da asusu, ita ce ta fi kowa cancanta, ita ce kuma ta farko da za ta faɗi a wannan tankaɗe.

Abin kunya, inda aka fi bin sawun kuɗi shi ne inda baƙo ya sa ido. Da ƙasar Suwizalan za ta maido dala miliyan 322.5 na kuɗin Abacha a 2017, sai da ta kafa sharaɗi Bankin Duniya ya lura da yadda za a kashe, aka kuma bar ƙungiyoyin sa-kai suna bin rabon naira 5,000 a wata zuwa ƙauyuka. Kuɗinmu ne, amma sai da wani ya tsaya a kanmu.

Shi kuwa taimakon waje, 2025 ta nuna mana ba gado ba ne. Amurka ta datse shi a farkon shekarar, ta rufe USAID, sai a lokacin da yawanmu muka gane cewa maganin ƙanjamau da gidan sauro da abincin yara masu tamowa, kaso mai yawa daga aljihun wasu yake fitowa. Gwamnati ta yi sauri ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya. A tsakiyar shekarar Hukumar Abinci ta Duniya ta yi shelar kuɗinta ya ƙare, za ta tsayar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas. Kada wani ya ce Borno da nisa. Wanda aka daina ciyarwa a Bama, in ya samu mota, a ƙofar masallacinmu zai sauka.

Malamanmu sun karantar da mu cewa Sayyidina Umar ne ya kafa diwani, aka rubuta mutane gida-gida da abin da kowa zai karɓa daga baitulmali. Da rubuta suna ya fara, kafin rabo. Mu kuwa kullum muna ƙorafi a majalisa da wurin mai shayi, amma in aka ce mutum nawa ne a Sabo suka karɓi naira 25,000 ɗin nan, sai mu kalli juna. Wannan ya ce ya ji wani ya samu, wancan ya rantse ba kowa. Da irin wannan amsa ba a tsare jami'i.

Don haka muna roƙon limamai 'yan'uwanmu, kowane masallaci ya sayi littafi ɗaya. A rubuta gwauraye da marayu da marasa lafiya da baƙin da suka sauka, da wanda ya taɓa karɓar tallafi, wane iri ne, yaushe. A ƙara da awa nawa mutum ya yi aiki a mako da abin da ya samu, tunda awa suke ƙirgawa. Na cikin gida kuma malamai mata na Islamiyya su rubuta, don namiji ba zai shiga ya ji gaskiyar tukunya ba. A rufa wa mutane asiri, littafin ya tsaya hannun liman da mutum biyu amintattu. In an haɗa jimilla a kai fadar Sarkin Hausawa, 'ya'yanmu masu boko su rubuta wa ma'aikatar jinƙai ta tarayya takarda a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, su tambayi gida nawa ne daga mazaɓarmu ke cikin rajistar, kuma nawa aka biya. Dokar ta ba ofishi kwana bakwai ya amsa. A tabbata an buga hatimin karɓa a kan kwafin namu, da kwanan wata, kafin a baro ofishin.