Shahadar da Inna Ba Ta da Ita

Jama'a, a layinmu na Umbadda, kafin yaƙin 2023, akwai wata innarmu da ta shekara ashirin tana renon 'ya'yan mata masu sayar da shayi a Suk Libiya. Da ta nemi izinin buɗe rauda, aka ce ta kawo shahada. Ina ta gan ta?

Mu malaman da muka rubuta mata takardar mun ji kunya. Mun san tun gyaran ilmi na 1990 rauda ta shiga tsarin gwamnati, kuma Jami'ar Ahfad, nan Omdurman, ta daɗe tana koya wa mata tarbiyyar ƙananan yara. To, 'yan matanmu nawa muka bari suka gama sakandare, balle su kai can? Jikar Inna dai ta gama. Ita muke tara wa kuɗin karatu.