Lokacin da Yatsun Makaɗi Suka Fara Mutuwa

Kalmar jijiya a bakin Bahaushe tana ɗauke da kaya uku. Hanyar da jini ke bi jijiya ce, igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce, haka kuma farin zaren nan da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, ya dawo da labarin zafi da sanyi da taɓi. Saboda wannan haɗakar suna, idan mutum ya ce jijiyar hannunsa na ciwo, wani zai tura shi wurin wanzami a yi ƙaho, wani ya ce sanyi ne, wani ya miƙo man zafi. Ciwon da ya same ni na jijiya ta ukun ne, kuma babu ɗaya cikin waɗannan da ke kai wa gare ta.

Sana'ata kaɗa jitar bes. Ita ce mai kaurin murya a bayan ƙungiya, wadda ba a cika lura da ita ba sai ta yi shiru. A Mando nake zaune, kuma daga nan ake ɗaukar mu zuwa bukukuwan aure da liyafa a Kawo, Unguwar Dosa, wani lokaci har Zariya. Wanda ya saba ganin gurmi ko kuntigi irin na marigayi Ɗan Maraya Jos zai yi mamakin nauyin wannan abu. Tsirkiyoyinta huɗu na ƙarfe ne masu kauri, tsawon kowace daga maɗauri zuwa maɗauri inci 34, awon da ya zama gama-gari tun da Leo Fender ya fitar da tasa a Amurka a 1951. Hannun hagu yana buɗewa iyakar buɗuwa yana danna su, wuyan hannun a lanƙwashe, sa'o'i huɗu ko biyar a dare ɗaya.

A watan Disamba abin ya fara, daidai lokacin da bukukuwa ke cin kasuwarsu. Babban yatsana da manuni da na tsakiya suka riƙa yin dindiris, kamar ana tsikara su da allura. Da rana da sauƙi. Da dare kuwa zugi ke tashe ni, sai na yarfa hannun kamar mai kakkaɓe ruwa kafin ya lafa. Kanta a bakin yatsa kowane makaɗi ya san ta, ado ce ma a wurinmu. Wannan daban ne, domin ranar da maɓallin riga ya gagare ni sakawa, uwargidana ta dube ni, ba ta ce komai ba, amma na san lissafin kuɗin makarantar yara take yi.

Likitan da ya duba ni ya sa na haɗa bayan hannuwana biyu, yatsu na kallon ƙasa, na tsaya haka minti ɗaya. Kafin lokacin ya cika yatsun sun mutu. Ya ƙwanƙwasa tsakiyar wuyan hannun, na ji kamar wutar lantarki ta ratsa har ƙarshen manuni. Sannan ya yi mini bayani. A wuyan hannu akwai wani ƙunƙuntaccen lungu, ƙasusuwa ta ƙasa, tauri mai kama da ɗamara ta sama. Igiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu suna bi ta cikinsa, tare da jijiyar saƙo guda ɗaya. Idan aka daɗe ana lanƙwasa wurin ana matsa ƙarfi, lungun yakan cushe, jijiyar ce kuma ke shan matsi. Ita ke kula da babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin na zobe. Idan ƙaramin yatsa ne da ɗaya rabin na zobe suka mutu, to wata jijiyar ce daban, wadda galibi a gwiwar hannu take maƙalewa. Saboda haka, mai karatu, kafin ka je asibiti ka lura sosai da yatsun da abin ya shafa. Rabin binciken ke nan ka kai wa likita.

Bai tsaya a kan jitar ba. Ya sa an auna sukarin jinina, domin ciwon suga na lalata jijiyoyi a ɓoye, kuma yana sa wannan matsin ya fi saurin kama mutum. Ƙarancin bitamin B12 ma yana kawo mutuwar yatsu, haka mata masu juna biyu sukan gamu da shi saboda kumburi. Nawa sakamakon ya fito lafiya.

Maganin bai da armashi, shi ya sa mutane ke raina shi. An ba ni maɗauri mai ƙarfe a ciki da nake kwana da shi don kada hannun ya naɗe cikin barci. An tura ni sashen gashin ƙashi, aka koya mini motsa yatsu. Sauran aikin a jikin jitar na yi shi: na gajarta igiyar ratayawa ta hau kusa da ƙirji, na ɗaga wuyanta sama, na sa tsirkiyoyi marasa kauri, aka kuma sassauto da su kusa da katako. Na ƙara muryar lasifika don yatsa ya daina yin aikin da na'ura za ta yi. Tsakanin waƙa da waƙa nakan saki hannun ya rataya. Na ƙi karɓar biki uku a jere, abin da ya fi komai yi mini ciwo a aljihu. Sai da aka yi kusan wata biyu kafin na yi barci har asuba ba tare da na farka ba. Jijiya ba ta san gaggawa ba. Wadda ta yanke ma, kimanin milimita ɗaya take tohowa a rana.

Abin da na fi jin tsoro ga abokan sana'a shi ne kemis ɗin bakin tasha. Makaɗi na da biki gobe, sai ya haɗiyi tiramadol ko wani maganin kashe zafi ya hau dandamali. Zafin ya ɓuya, matsin na nan, ga kuma jaraba da ciwon ciki da na ƙoda suna jira a gaba. Kuma ba makaɗa kaɗai ba. Tela, mai ɗinkin hula, mai kitso, makanike da mai tuƙa Keke Napep duk hannunsu na cikin irin wannan hali.

Idan tudun tsokar gindin babban yatsa ya fara lotsawa, ko kofi na suɓucewa daga hannu, ko mutuwar yatsun ta daina tafiya ko da rana, lokacin jira ya wuce. A nemi likitan ƙashi ko na jijiyoyi, a Barau Dikko a nan Kaduna, ko Shika a Zariya, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Akwai gwajin da ke auna saurin saƙo a cikin jijiya, akwai allurar rage kumburi, akwai kuma ƙaramar tiyata da ake tsaga ɗamarar nan don jijiya ta sarara. Amma in hannu ya mutu farat ɗaya, tare da karkacewar baki ko sarƙewar harshe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a garzaya asibiti a cikin wannan sa'ar.