Dam Ɗin Usuma Da Lissafin Ruwan Saman Da Bai Sauko Ba Tukuna

Duk wanda ya bar tsakiyar Abuja ya kama hanyar Kubwa, ya ratse a Dutse ya nufi Bwari, ba zai daɗe ba zai tarar da kansa a tsakanin duwatsu. Nan ƙauyen Ushafa yake, na Gbagyi magina tukwane, wanda Shugaba Clinton na Amurka ya ziyarta cikin 2000. Kusa da ƙauyen kuwa, ga wani makeken tafki kwance lumui. Shi ne dam ɗin Usuma, wanda aka gina a shekarun 1980 don shayar da sabon babban birni, bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta tsai da shawarar barin Ikko cikin Fabrairu 1976.

Dam ɗin yana cin ruwa kimanin mita kubik miliyan 100, ana kuma ƙara masa daga dam ɗin Gurara na Jihar Kaduna ta wani bututu mai tsawon kilomita 75. Da rani wurin shiru yake, sai kukan tsuntsaye. Amma daga Afrilu zuwa Oktoba duwatsun nan sukan sake hali. Iskar damina tana tasowa daga teku ɗauke da laima, in ta ci karo da tsauni sai ta hau, in ta hau ta yi sanyi, hadari ya haɗu, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Dutse kuwa ba ya shan ruwa. Abin da ya zuba a kan falale gangarowa yake yi nan da nan, ya faɗa rafi, rafi ya kai shi tafki. Milimita ɗaya tak a kan murabba'in kilomita ɗaya lita miliyan ɗaya ne.

Saboda haka babbar tambayar da ke gaban masu shata dam irin wannan ita ce: wane ne ruwa mafi yawa da zai iya sauka a kan duwatsun nan cikin yini ɗaya ko kwana uku? Da amsarta ake yanke faɗin mafitar da rarar ruwa za ta bi. In mafitar ta yi ƙanƙanta, ruwa zai haura bangon, bangon ƙasa kuwa in ruwa ya bi ta kansa, zaizayewa yake yi har ya ɓalle.

Hanyoyin lissafin biyu ne manya. Ta farko, wadda wani Ba'amurke Hershfield ya fito da ita cikin 1961, ita ce a tattara ruwa mafi yawa da aka auna a yini guda kowace shekara, a fitar da matsakaicinsa, sa'an nan a ƙara masa rata mai yawa gwargwadon yadda shekarun suka sha bamban. Ta biyu ita ce a ɗauko hadari mafi ƙarfi da aka taɓa gani a wata ƙasa mai irin wannan yanayi, a ƙaddara a nan ya sauka, a kuma ƙaddara iskar ta ɗauko iyakar laimar da za ta iya ɗauka. Hukumar Yanayi ta Duniya ta buga littafin jagora kan wannan cikin 1973, ta sabunta shi a 1986 da 2009.

Sai dai tsauni yakan rikita lissafi. Ma'aunan ruwan sama galibi a fili ake kafa su, kamar filin jirgin sama da makarantu, alhali kuwa ruwan da ya fi tsanani a gefen tsaunin da ke fuskantar iska yake zuba, inda ba mai aunawa. Ga shi kuma awon shekara 30 ko 40 ake so ya ba da labarin ambaliyar da ba ta zuwa sai sau ɗaya cikin shekara 1,000. Bugu da ƙari, duniya tana ɗumama, iska kuwa in zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya, laimar da take ɗauka takan ƙaru da wajen kashi 7 cikin 100.

Abin da kuskure ke jawowa ba ɓoyayye ba ne. A Banqiao ta ƙasar Sin, cikin Agusta 1975, ruwa fiye da milimita 1,000 ya zuba cikin kwana uku, dam ya ɓalle, dubban mutane suka halaka. A gida kuwa, Kanawa ba su manta da Bagauda ta 1988 ba, haka mutanen Maiduguri da dam ɗin Alau cikin Satumba 1994 da Satumba 2024.

Daga gindin bangon nan kogin Usuma yake gangarawa ya ratsa Kubwa da Gwagwalada kafin ya faɗa Gurara, unguwanni kuwa kullum sai matsowa bakinsa suke yi. Hukumar NiMet mai kula da yanayi, da NIHSA mai kula da koguna, duk a Abuja hedkwatarsu take. Ya kamata a ƙara ma'aunai a kan tsaunukan Bwari, a riƙa sake lissafin loto-loto, a kuma hana gini a kan hanyar ruwa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.