Fai ɗin Malam

Mu 'yan aji biyar, duk Laraba mukan haɗa kuɗi mu sayo wa Malam fai na tumatir da ƙwai a Aboabo. Bana likita ya ce yana da ciwon sukari, ya rage fulawa da shinkafa. Kai, mun damu! Da muka bincika, sitaci da sukarin tumatir giram 100 kamar giram 4 ne, na fulawa ya wuce 70. Ashe ɓawon ne matsalar. Yanzu tumatirin Akumadan muke kai wa Hajiya, ta gasa da ƙwai da wagashi, ba fulawa. Malam ya ci, ya sa mana albarka. Amma wallahi mun gan shi yana leƙen namu mai ɓawo.