Ƙaramin Jirgin Sama Ba Wasan Turawa Kaɗai Ba Ne

Jama'a, mu mazauna Libreville mun saba jin ƙugin ƙananan jirage masu farfela ɗaya suna tashi daga filin jirgin sama na Léon Mba, su bi bakin teku, su komo. Da yawanmu kan ce ai Turawa ne da masu hannu da shuni ke wasa da kuɗinsu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma magana ba ta ƙare a nan ba.

Ƙungiyar masu sha'awar tuƙi da ake kira Aéro-Club de Libreville tsarin Faransa ta gada, inda aka kafa uwar irin waɗannan ƙungiyoyi tun 1898. Dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu, domin karo-karo ce. Mutum guda ba ya iya riƙe jirgi, to sai 'yan ƙungiya su haɗa kuɗin shekara a riƙe jirgi mai kujeru biyu ko huɗu, kowa kuma ya biya awoyin da ya yi a sama. Malami kan zauna gefen ɗalibi har ran da ya yarda ya sake shi ya tashi shi kaɗai. A ƙa'idar duniya, mai shekara 17 da ya cika aƙalla awa 40 yana tuƙi, ya kuma ci jarrabawa, yana iya samun lasin.

A Gabon abin ya wuce sha'awa. Kurmi ya rufe fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar, ga koguna, ga fadamu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani Bafaranshe, Jean-Claude Brouillet, ya fara jigila da ɗan ƙaramin jirgi zuwa sansanonin masu yankan katako, har abin ya zama kamfanin Transgabon. Layin dogo daga Owendo bai isa Franceville ba sai 1986. Kafin nan, wasiƙa da magani da majinyaci sau da yawa ta sama suke bi. Ko bayan rushewar Air Gabon a 2006, buƙatar matuƙa ba ta ragu ba.

To, ina mu a ciki? Kakanninmu fatake ne. Da ƙafa suka keto Kamaru har Bitam da Oyem, ba su ce hanya ta wani ce ba. Jirgi ya fara sauka Kano tun 1925, kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya kuwa tun 1964 aka kafa ta don horar da matuƙa. Amma a nan, yaronmu ya ce yana son tuƙin jirgi sai mu yi dariya, mu tura shi rumfa a kasuwar Mont-Bouët.

Ba mu ce abin da araha ba, kuɗin awa ɗaya ma ba ƙarami ba ne. Sai dai mun iya haɗa kuɗin biki da na kai gawa gida. Me zai hana ƙungiyoyinmu su zaɓi yaro ɗaya mai ƙwazon lissafi da Ingilishi, namiji ko mace, su ɗauki nauyinsa? Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Iyaye, mu fara da kai yaran su tambaya, su gani da idonsu. Allah Ya yi mana jagora, amin.